Wai da gaske sanyi ne ke kawo ciwon jijiya? Fashin baƙi kan muhalli da zugin da ya ƙi jin magani

Wai sanyi ne ke kawo ciwon jijiya, ko dai tarar da shi yake yi a jiki ya tsokano shi? Tambayar kenan da ke dawowa duk shekara da zarar hunturu ya kama a garin nan na Kaduna. Ka bi ta Kasuwar Bacci ko tashar Kawo cikin Disamba, za ka ji motocin masu magani da lasifika suna ta kwaroroto, maganin sanyin ƙashi, sanyin jijiya, sanyin mara, duk a kwalba ɗaya, a WhatsApp ma ga odiyo nan ana ta turawa daga wannan guruf zuwa wancan. Wasu kuma su ce maka ina, ai wannan jifa ne, ko mutum ya taka abun da aka binne.

Ni abun ya shafe ni ne ta dalilin goggona da ke Tudun Wada. Shekara uku tana fama da tafin ƙafa, duk sanda na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, wallahi kamar an daka attaruhu an shafa min, dare in ya yi ko zanen rufa bana son ya taɓa ni." Na ce, "Goggo ai sanyi ne, Allah ya sawwaƙe," don abun da kowa ke faɗa kenan, kuma lallai ciwon ya fi tashi da hunturu. Mun sayi jiƙe-jiƙe iri-iri kafin wata rana a asibiti likita ya sa a auna mata suga, aka ga ya yi sama sosai kuma da alama ya daɗe a haka. Daga nan na fara bin maganar da tambaya da karatu, abun da na fahimta kuma shi ne muhalli yana taɓa wannan ciwo ta hanya biyu, akwai abun da ke kunna wutar, akwai wanda fifita ta kawai yake yi. Mu kuma mun tattara laifin gaba ɗaya mun ɗora wa mai fifita.

Wace jijiya ake nufi tukuna?

Hausa ta haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya, daga nan ruɗanin ke farawa. Akwai jijiyar jini wadda nas ke nema in za a sa ƙarin ruwa. Akwai jijiyar nama mai tauri irin agara, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Sai ta uku, wadda muke magana a kai, fararen zarurrukan nan da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka bazu har zuwa kan ɗan yatsa, su ke kai saƙo su kawo. Su ke gaya maka ƙasa da zafi, ƙaya ta soke ka, su ke kai wa tsoka umarni ta motsa.

In ka ƙone da tukunya, jijiyarka lafiya lau take, aikinta ta yi da ta kai rahoto. Amma a ciwon jijiya ɗan aiken ne da kansa ba lafiya, yana ta rugawa yana cewa gobara gobara alhali ko hayaƙi babu. Shi ya sa ka kalli ƙafar ba kumburi ba rauni, mai ita kuma yana hawaye, har a fara cewa raki ne. Masu shi sukan ce zugi kamar wuta, ko suka kamar allura, ko kamar shokin, ko kiyashi na yawo ƙarƙashin fata, ko minjirya da ba ta saki, kuma abun mamaki waje ɗaya zai iya mutuwa ba ya jin taɓi amma yana zugi. In ciwo ya wuce wata 3 likitoci na sa shi a layin mai daɗewa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna kusan mutum 7 zuwa 10 cikin 100 na da ciwo mai irin wannan siffa, ka ga ba ƙaramin abu ba ne.

Abubuwan da suka fi lalata jijiya sanannu ne. Suga ne kan gaba, kusan rabin masu ciwon suga sai ya taɓa musu jijiya in tafiya ta yi nisa. Akwai ƙwayar ƙarambau da ke laɓewa a jijiya tun yarinta, ta farka bayan shekaru ta fito da ƙuraje masu ruwa a ɓangare ɗaya na jiki kamar ɗamara, ƙurajen su warke zugin ya zauna. Akwai kuturta, akwai cutar ƙanjamau, akwai faifan ƙashin baya da ke zamewa ya danne jijiya ciwo ya sauko ta ɗuwawu har dunduniya, akwai allurar da wanda bai iya ba ya yi a ɗuwawu ya soki babbar jijiyar ƙafa. In gubar jiki ce ko suga, yawanci daga yatsun ƙafa abun ke farawa ya hauro kamar ana sa safa, saboda jijiyar da ta fi tsawo ita ta fi saurin galabaita. Kuma jijiya in ma za ta farfaɗo, kusan milimita 1 take tsirowa a rana, toh ka lissafa daga gwiwa zuwa yatsa.

Abun da sanyi ke yi, da wanda ba ya yi

Masu cewa ciwonsu na tashi da sanyi gaskiya suke faɗa, kar wanda ya ƙaryata su. A bakin jijiyoyin fata akwai wasu ƴan ƙofofi da zafi ko sanyi ke buɗewa. Ɗaya ana ce mata TRPM8, tana buɗewa in waje ya yi sanyi, kuma mentol ɗin da ke cikin su Robb da Aboniki ma yana buɗe ta, shi ya sa kake jin sanyi-sanyi in ka shafa alhali fatar ba ta huce ba. Wata kuma TRPV1, tana buɗewa in zafi ya kai wajen digiri 43, ita ce kuma barkono ke taɓawa. Kan wannan aiki aka ba David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021. Wato da Goggo ta ce kamar attaruhu ba ƙari ta yi ba, layin da attaruhu ke bi ya kai saƙo shi ne ke tartsatsi a ƙafarta.

Toh in jijiya ta samu rauni sai ta zama mai saurin firgita, sanyin da ni da kai za mu ji daɗinsa ita sai ta karanta shi a matsayin ciwo. Ƙari a kan haka sanyi na tsuke ƙananan hanyoyin jini na hannu da ƙafa, jijiyar da dama abincinta bai isa ba sai ya ƙara raguwa, tsoka ta ɗaure, mutum ya duƙunƙune a ɗaki ya daina motsi, duk suna taruwa. Akwai wani ciwon jijiyar fuska da ke zuwa kamar walƙiya a kunci ko haɓa na ƴan daƙiƙu, masu shi iskar asuba a kan babur kawai ko ruwan alwala mai sanyi ko asuwaki ya ishe shi tashi, da yawa ma har haƙori ake cire musu a banza ana zaton shi ne. Amma a mafi yawansu tushen abun wata jijiyar jini ce ke gugar jijiyar fuskar a can cikin kai, iskar hunturu ta zo ne ta tarar.

Wani misali da ya ƙara fito min da abun fili, akwai maganin kansar hanji da ake kira ogzalifilatin, yawancin waɗanda aka sa wa in suka taɓa ƙarfen firij ko suka sha ruwan sanyi sai su ji kamar shokin. Firij ɗin nan jiya suna taɓa shi lafiya. Maganin ne ya canza jijiyar.

Sanyi zai iya lalata jijiya da kansa? Eh, amma irin wanda sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka gani tsakanin 1914 da 1918, ƙafa cikin takalmi jiƙe a taɓo mai sanyi kwana da kwanaki ba cirewa. Hunturun Kaduna ga mutumin da ke kwana a ɗaki bai kai nan ba. Don haka in ƙafarka na zugi duk Janairu, akwai abun da ya riga sanyin zuwa, shi ya kamata a nemo.

Damina, bazara, da gardamar masu bincike

Nan kam masana ba su zama baki ɗaya ba. Jami'ar Mancesta a Ingila ta yi wani babban bincike da ta fitar a 2019, mutum sama da 13,000 suka shiga da wayoyinsu suna rubuta yadda ciwo yake kullum wayar kuma tana ɗaukar yanayin inda suke, aka yi nazarin bayanan 2,658 daga ciki. Abun da suka gani shi ne ranar da iska ke da laima sosai, tana kaɗawa, nauyinta kuma ya sauka irin na gabanin hadari, yiwuwar ciwo ya tsananta na ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin 100. Zafi ko sanyi shi kaɗai bai nuna wata alaƙa mai ƙarfi ba da aka haɗa kowa da kowa. A Ostireliya kuma an yi nazari kan masu ciwon baya ba a ga yanayi na taka wata rawar a zo a gani ba.

Masu shakka na cewa ɗan Adam yana riƙe ranar da ciwo ya dace da hadari ya manta ranakun da aka yi ruwa bai ji komai ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni ina ganin a nan ma sai an yi hattara, don yawancin mutanen binciken Mancesta masu ciwon gaɓoɓi ne, kuma sanyin Ingila jiƙaƙƙe ne, namu busasshe mai hazo da tsaga leɓe. Sannan in ka haɗa wanda sanyi ke tayar wa ciwo da wanda zafi ke tayar wa a lissafi ɗaya, sai su cinye juna ya fito kamar ba komai. Kuma masu tashi da zafi suna nan da yawa, musamman masu zugin tafin ƙafa, a Maris da Afrilu da garin nan ke zama kamar tanda za ka ga mutum ya fito da ƙafa daga gidan sauro ya ɗora a siminti, ko ya tsoma a ruwan ƙanƙara. Ruwan ƙanƙarar nan yana ba da sauƙi na minti kaɗan amma in ya zama ɗabi'a fata ke lalacewa, ga mai suga kuma daga nan gyambo ke farawa.

Gubar da ke wajen neman abinci

Wannan ɓangaren ne ya fi ci min rai, don nan ne muhalli ke kunna wutar da hannunsa, kuma ba ka taɓa jin lasifika na maganarsa.

Fara da maganin ƙwari. Akwai dangin da ake kira oganofosfet, cikinsu har da abun da ke cikin Sniper da fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana fesawa a ɗaki saboda sauro, wasu ma har a buhun wake. An ƙera su ne don su rikita jijiyar ƙwaro, tamu kuma ba ta sha bamban da tasa can-can ba. Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa, bayan an ceto shi daga amai da dalalar miyau da sarƙewar numfashi, wani sai bayan sati 1 zuwa 3 sha-raɓa ta fara murɗawa, ƙafa ta fara minjirya, daga baya ta riƙa jan ƙasa. Duniya ta san wannan tun 1930, lokacin da wani ruwan citta da aka gurɓata da sinadari na wannan dangi ya nakasa dubban mutane a Amurka, sannan a Maroko a 1959 kusan mutum 10,000 suka kamu bayan an gauraya man girki da man injin jirgin sama. NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019. Amma je ka gona da damina ka ga yaro da tankin feshi a baya yana yoyo rigarsa sharkaf, ba takalmi, ba abun rufe hanci, bakin feshin ya toshe ya sa baki ya hura, ya gama ya ci rogo da hannun, galan ɗin kuma a wanke a zuba ruwan sha. Fata na shan maganin nan kamar yadda take shan mai. In bayan shekaru ƙafarsa ta fara mutuwa cewa za a yi sanyin fadama ne ya shige shi.

Sai dalma. Kowa ya tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, maƙwabtanmu ne nan kusa. Yara ƙwaƙwalwa take kamawa. Babba kuma takan ba shi murɗar ciki mai tsanani da raunin hannu, wuyan hannu ya saki ya kasa ɗagawa, ita ta fi kawo rauni a kan zugi. Ba sai ka je ramin zinare ba, mai fasa tsohon batir ya narka abun ciki, da mai walda, da ƴan gwangwan irin na Panteka da ke wuni cikin ƙurar ƙarfe don rufin asirin iyalinsu, duk suna kusa da ita, kuma ƙurar na bin kaya ta shiga gida. Kwallin gargajiya na dutse ma an sha auna shi a tarar dalma ce mafi yawa a ciki, muna kuma ranbaɗa wa jarirai. Masu wanke zinare da zaiba suna ƙona ta suna shaƙar tururin, ita ma tana kawo karkarwar hannu da mutuwar yatsu.

Sholisho fa? Akwai sinadarin hekzen a cikin gam da yawa irin na faci da na takalmi. A Japan a shekarun 1960 aka fara ganin masu haɗa silifa a ƙananan ɗakuna marasa iska suna rasa jin ƙafa da hannu, aka sake gani wajen masu takalma a Italiya. Toh mai shagon takalmi da ya rufe ƙofa da taga saboda hunturu yana shafa gam tun safe, ka ga yadda sanyi ya shigo cikin maganar, amma ta bayan gida. Yaran da ke shaƙarsa don maye kuma su abun ya fi muni, kuma wannan guba ko an daina ciwon kan ci gaba da ƙaruwa wata biyu ko uku kafin ya tsaya, sai iyaye su ɗauka dainawar ce ta jawo. Haka iskar balan-balan da matasa suka shigo da ita wajen biki suna shaƙa don maye, wadda NDLEA ta sa wa ido a 2023, tana kashe aikin bitamin B12 a jiki har ta taɓa laka, saurayi ɗan shekara 20 ya kasa tsayuwa.

Akwai kuma wanda ba guba ba, girgiza ce. Mai injin markaɗe, mai fasa dutse da inji, mai wuni riƙe da kan babur a hanya mai gargada, shekaru suna tafiya jijiyoyin yatsu na gajiya, yatsu su riƙa yin fari fat suna zugi musamman in sun ji sanyi.

Abun da ke cikin kwano

Jijiya na da yunwar bitamin B, musamman B1 da B6 da B12. B12 daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samu, abubuwan da tsadar rayuwa ta fara cirewa daga kwanon talaka. In kana son ganin yadda talauci ke zama ciwon jijiya dubi Kyuba, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet abinci ya yi ƙaranci, tsakanin 1991 da 1993 mutum sama da 50,000 suka kamu da lalacewar jijiyar ido da ta ƙafa, abun ya lafa da gwamnati ta raba bitamin ga jama'a.

A nan gida Najeriya, Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi bayani tun a ƙarshen shekarun 1960 kan wani ciwo a ƙasar Ijebu, zugin ƙafa da tangaɗi a tafiya da raunin gani da ji, ga mutanen da kusan rogo kaɗai suke ci ba wani abun gina jiki. Rogo mai ɗaci na da gubar sayanaid, jiƙawa da barin sa ya yi tsami kwanaki da suya mai kyau ke fitar da ita. Garin kwakin da aka sarrafa yadda ya kamata ba matsala, kar a tsorata. Inda haɗarin yake shi ne wanda aka yi wa aikin gaggawa, a kuma wuni a kansa safe da dare ba wake ba ƙuli.

Magunguna ma na shiga nan. Metfomin da masu suga ke sha yana rage B12 in an daɗe a kai, ba a daina shi, aunawa ake yi a cike giɓin. Aisoniyazid na tarin fuka yana cinye B6, shi ya sa ake haɗa shi da ƴar ƙwayar bitamin, kar a raina ta a ajiye. Amma kuma B6 ɗin in ya yi yawa shi da kansa yana lalata jijiya, don haka masu sayen maganin jijiya a kemis suna sha wata da watanni ba lissafi su kula. Giya mai yawa kam tana yin ɓarnar ta fuska biyu, ta ci jijiyar ta kuma hana jiki samun B1.

Dare, janareto da fargaba

Kusan duk mai wannan ciwo zai ce maka dare ne abokin gabarsa. Da rana hayaniya da aiki na raba hankali, da dare ba abun da ƙwaƙwalwa ke saurare sai ƙafar. Kuma an gwada a ga ko lafiyayyen mutum in aka hana shi barci washegari ya fi saurin jin zafi. Yanzu ka ɗauko mai ciwo ka sa shi a ɗaki ba wuta, ga zafi ga sauro ga janareton maƙwabci a jikin taga har ƙarfe biyu, ciwo ya hana barci rashin barci ya ƙara ciwo, haka ake ta zagayawa.

Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa a laka akwai wata irin ƙofa da ke rage saƙon ciwo ko ta ƙara shi kafin ya isa sama, kuma ƙwaƙwalwa na da hannu wajen buɗe ta da rufe ta. Tsoro da damuwa na wangale ta. Mu a jihar nan ba sai an yi mana bayanin fargaba ba, wanda ya taɓa zaman jiran wayar masu garkuwa, ko yana da ɗan'uwa a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022, ko ya baro gonarsa ya dawo gari yana raɓe, ya san yadda jiki ke kwana a ɗaure. Wannan ba yana nufin ciwon ƙirƙira ba ne ko na tunani kawai, rauni na nan a jijiya, damuwar ƙara masa murya take yi. Na lura Goggo ranar da jikoki suka cika gidan ana hira, ko ta je islamiyya ta dawo, ba ta cika ambaton ƙafar ba, ranar da ta wuni ita kaɗai kuwa tun magariba take fara juyi.

Me wannan ke jawo wa mai ciwo?

Asarar farko lokaci ne. Duk watan da aka ɓata ana korar sanyi, sugan ko gubar na ci gaba da cin jijiyar, kuma abun da ya mutu da yawa ba ya dawowa. Asara ta biyu aljihu da ƙoda. Farasitamol da diklofenak da ibufurofen ba su cika taɓa irin wannan ciwo ba don ba kumburi ne tushensa ba, sai mutum ya yi ta ƙara yawa har olsa ko ƙoda ta samu matsala. Haɗin da ake ƙullawa a leda kuma sau da yawa akwai dekza a ciki, wata ƙwayar maganin kumburi wadda ke ƙara hawan suga, wato mai ciwo na sayen abun da ke ƙara masa ciwon da kuɗinsa. Daga nan wasu ke zamewa zuwa tiramadol, abun da ya fara da neman barci ya koma jaraba.

Magungunan da aka fi samun nasara da su na daban ne, irin amitiriftilin, duloksetin, gabafentin, firegabalin, sai kabamazafin ga ciwon fuskar nan. A nan ma akwai inda ake tuntuɓe, don asalinsu wasu na ciwon damuwa ne wasu na farfaɗiya, mutum ya karanta takardar ciki ko wani ya gaya masa sai ya fusata ya ce likita ya ɗauke shi mai taɓin hankali, ya watsar. Alhali aikinsu kwantar da jijiyar da ke tartsatsi ne. Suna ɗaukar makonni kafin a ga amfani, ana farawa da kaɗan, suna sa jiri da barci, firegabalin ma ana iya kamuwa da shi, don haka sai da likita. Kuma ko an dace yawanci ragewa suke yi, in ciwo ya sauka da rabi har mutum na barci ana lissafa shi nasara.

In za ka asibiti, ko Barau Dikko ne ko Shika ko na kusa da kai, kar ka tsaya a "ƙafa na ciwo". Faɗi yadda yake, zugi ne ko suka ko mutuwa, ƙafa ɗaya ko biyu, yaushe ya fi tashi, sannan ka faɗi sana'arka ko ba a tambaya ba, ka ce ina feshi, ina fasa batir, ina aiki da gam, ga magungunan da nake sha. Layi na da tsawo likita na sauri, wannan jimla ɗaya za ta iya sauya inda zai duba. A nemi awon suga. Wanda ya ga wani farin tabo a fata da ba ya jin taɓi ya je da wuri, maganin kuturta kyauta ake bayarwa, cibiyarta ma na nan Saye a Zariya. Mai feshi ya sa takalmin roba da doguwar riga ya rufe hanci, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci, mai gam ya buɗe taga ko da ana sanyi, mai batir ya bar kayan aiki a wajen aiki. Wanda yake zargin yanayi na tayar masa da ciwo ya samu ɗan littafi ya riƙa rubutawa na wata biyu, zai gane nasa jikin da me yake faɗa.

Sai maganar kasko, wadda nake roƙon duk mai tsoho a gida ya riƙe. Ƙafar da jijiyarta ta mutu ba ta sanin ta ƙone. Da hunturu tsofaffi na miƙa ƙafa kusa da garwashi ko su tsoma a ruwan zafi don a kori sanyi, sai da safe a ga bororo, ga mai suga kuma bororo ɗaya na iya ƙarewa a yanke ƙafa. A gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna, a sa safa mai kauri marar matsi maimakon wuta, a shafa mai saboda faso amma ban da tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a sa, kar a yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida. Goggo yanzu ƙaramin madubi ne a gefen gadonta tana duba tafin ƙafa kullum bayan isha'i, kaskon kuma mun fitar da shi daga ɗakin. Sugan ya sauko, zugin ya ragu kamar da rabi tana samun barci, amma manyan yatsunta biyu har yau in ka taɓa ba ta sani.